Daga Dawanau Zuwa Dam ɗin Tomas: Neman Abin da Kifi Zai Ci

Duk mai zuwa Ɗambatta daga birnin Kano sai ya bi ta Dawanau. A nan hanya ke rabuwa, ɗaya ta nufi Bichi da Tsanyawa da Katsina, ɗaya ta karkata arewa ta ratsa Ɗambatta da Kazaure har Daura da bakin iyakar Nijar. Ta biyun na bi, a ƙarshen kaka, hunturu ya fara saukowa, an gama yankan dawa ana ta kwasar kara. Abin da ya fitar da ni kuwa kifi ne. Ɗan baffana da ke kiwon tarwaɗa a bayan gidansu, a wani ƙauye kafin a shiga Ɗambatta, ya daɗe yana kirana a waya da magana ɗaya, cewa abincin kifi ya gagare shi. Ni kuma na jima ina bibiyar abin da masu kiwon jatan lande na Asiya da Kudancin Amurka ke yi a kan irin wannan matsala, wato ciyar da dabbar ruwa da furotin da aka samu daga bakteriya masu amfani. Na so in gani ko a cikin wannan ilimi akwai abin da zai yi mana aiki a nan, ko kuwa harka ce ta mutanen bakin teku kaɗai.

Na ɗan tsaya a kasuwar Dawanau kafin in wuce, domin a nan tushen maganar yake. Kasuwa ce da ake lissafa ta cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. Tireloli na lodin riɗi da zoɓo da waken suya da masara, 'yan dako na kai da komowa da buhuna a ka, dillalai na waya da mutanen Legas da Kwatano da Maraɗi. Wanda ya tsaya a layin waken suya na ɗan lokaci zai ga masu saye iri-iri a kan buhu guda: mai yin awara, mai gidan kaji, wakilin kamfanin matsar mai, mai haɗa abincin kifi, da mai fitarwa waje. Kowannensu furotin yake nema, kuma mai fitarwa waje da dala yake lissafi. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, ƙaramin mai kiwo ne ya koma ƙarshen layi. An kuma cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sai kuɗin mota da na janareta suka hau kan na abinci.

Da mota ta bar Dawanau sai ƙasa ta buɗe. Babu daji a wannan yanki, gona ce ke bin gona, gida na hango gida. Ga ɗorawa da gawo da kuka da tsamiya a tsaye a tsakiyar gonaki, kowace bishiya da mai ita. An ɗora harawar wake da ta gyaɗa a kan rassan itatuwa da saman ɗakuna, an jingina karan dawa tsibi-tsibi, tumaki da awaki na kiwo a saura. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sannan a Jami'ar Bayero, ya yi shekaru yana nazarin wannan kewaye na Kano, kuma tun a 1965 shi da abokin aikinsa suka wallafa bincike a kansa. Abin da ya ɗaure wa masana na waje kai shi ne yadda ƙasa mai yashi, mai jama'a da yawa haka, ake noma ta kowace damina ba hutu amma ba ta mutu ba. Amsar na nan a bakin hanya. Ba a zubar da komai. Harawa ta shiga cikin akuya, kashin akuya da toka da sharar tsakar gida su koma gona, a da ma jakai kan shiga birni da itace su fito da taki a mangala. Manomin nan bai taɓa ɗaukar ƙazantar dabba a matsayin asara ba, dukiya ce da ake tarawa a turke har rani ya yi nisa a kwashe ta.

Na iske ɗan baffan nawa a bakin tankunansa. Na siminti ne guda biyu da wani na tamfol, a bayan danga, kusa da rijiyar burtsatsen da suka haɗa kuɗi da maƙwabta suka haƙa. Ɗaya daga cikin na simintin a bushe yake, kaji na kwana a ciki. Bayan mun gaisa na tambayi mutanen gida, sai ya ɗauko ragowar buhun abinci mai kilo 15 ya kaɗa mini shi.

"Yaya, ka ga wannan? Shi ne ya cinye ni. Kifi ba ya jira. In ka rage masa abinci ya tsaya cak, in ka ƙara ragewa manya su fara cinye ƙanana. Ran da na kai kasuwar Galadima kuma dillali ne zai yanka farashi."

Abin da ya faɗa haka yake a ko'ina. Masana harkar sun daidaita a kan cewa abinci kan lashe kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kiwon kifi. Tarwaɗa kuwa mai cin nama ce, ƙananan na buƙatar abincin da furotin ɗinsa ya kai kashi 40 ko fiye. Masara ba ta wuce kashi 9 ba. Dusar waken suya da ƙulin gyaɗa kan kai kashi 45 ko kusa da haka, sai dai furotin ɗinsu bai cika ba, akwai sinadaran gina tsoka da suka yi ƙaranci a cikinsu, gyaɗar da ta sha danshi kuma kan ɗauki gubar fumfuna mai lalata hanta. Shi ya sa abincin kifi mai kyau ba ya rasa garin kifi, wanda furotin ɗinsa kan kai kashi 60 zuwa 70. Ko da an haɗa abincin a masana'antun Ibadan ko Ilori ko Jos, mafi yawan garin kifi mai inganci daga waje yake zuwa.

A nan ne tankin bayan danga ya haɗu da teku. Babbar ƙasar da ke samar da garin kifi a duniya ita ce Peru, daga wani ɗan ƙaramin kifi da ake kamawa a gaɓarta. A 2023 ruwan tekun ya ɗumama, gwamnatin ƙasar ta soke kakar kamun farko gaba ɗaya, farashi ya tashi a duniya. Kusa da mu kuma, a Muritaniya da Sanagal da Gambiya, an kakkafa masana'antun da ke niƙa ƙananan kifaye su mayar da su gari a fitar zuwa Turai da Asiya, alhali irin kifin nan ne matan bakin teku ke banda su sayar wa talakawa. Wato ana cire kifi daga tukunyar mai ƙaramin ƙarfi a ciyar da wani kifin da mai hali zai ci. Wannan hanya ba mai ɗorewa ba ce, kuma ba adalci a cikinta.

Da la'asar na ga yana canza ruwa. Ya buɗe bututun ƙasa, ruwa kore mai wari ya kwararo ya bi wata 'yar kwata ya tsaya a wani rami a bayan gida. Ya ce in ya bari ya kwana biyu ba canji, kifin sai su taso sama su rataye, gemunsu a waje, su daina ci. Sannan ya tayar da janareta domin cika tankin. Na tsaya ina kallon ruwan nan yana tafiya, domin abin da ke cikinsa kuɗinsa ne. Daga furotin ɗin da aka zuba wa kifi, wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke zama tsoka. Saura na fita ta kashi da ta matsefin numfashi a matsayin amoniya, ita ce gubar da ke sa kifi ya rataye. Ga mutumin da mahaifinsa bai taɓa barin kashin akuya ya lalace ba, shi kuma yana zubar da kashi uku cikin huɗu na furotin ɗin da ya saya da tsada, har yana ƙona man fetur a kan zubarwar.

Bayan sallar isha muka zauna a zaure, da baffa da wasu maƙwabta biyu da su ma suka taɓa kiwon suka bari. A nan na kwashe musu labarin jatan lande. Mutanenmu sun fi sanin busasshensa da ake dakawa a miya, amma a Ekwado da Sin da Indiya da Biyetnam da Indunusiya da Tailan kiwonsa babbar sana'a ce da ke kawo kuɗin waje, har a Najeriya ma akwai gonarsa a Badagiri ta jihar Legas. Masu wannan kiwo sun sha irin wahalarmu, sun ma fi mu, domin ban da tsadar garin kifi akwai annoba. Wata cuta mai kashe jatan lande tun yana ƙarami ta ɓulla a Sin a 2009, ta bazu, ta rage abin da Tailan ke samarwa da kusan rabi a 2013. Ruwan da ake jawowa daga waje shi ke shigo da cuta, don haka suka shiga neman hanyar kiwo ba tare da yawan canza ruwa ba.

Dabarar da ta fi karɓuwa wani masani ne na Isra'ila, Yoram Avnimelech, ya tsara lissafinta a wata maƙala ta 1999, wata gonar jatan lande a ƙasar Beliz kuma ta nuna cewa tana aiki a babban kiwo. A cikin kowane ruwan kifi akwai bakteriya. Suna iya ɗaukar amoniya su gina jikinsu da ita, jikin nasu kuwa furotin ne. Abin da ke hana su yawa shi ne rashin abinci mai ba da ƙarfi. To sai a zuba musu wani abu mai sitaci ko zaƙi, kamar garin rogo ko dusar shinkafa ko baƙin ruwan da ke saura bayan an tace sukari, wajen giram 20 ga kowane giram ɗaya na naitirojin ɗin amoniya. A sa injin hura iska ya riƙa motsa ruwan dare da rana. Cikin 'yan makonni ruwan zai koma ruwan ƙasa-ƙasa, cike da wasu 'yan gudaji masu yawo, waɗanda bakteriya ne da gansakuka da ƙananan halittu suka dunƙule. Jatan lande na tsintar su ya ci. Gubar ta ragu, ruwa ya daɗe ba a canza ba, furotin ɗin da da zai bi kwata ya sake komawa cikin dabbar. A gwajin da Avnimelech ya yi da karfasa, amfanin da kifin ke ci daga furotin ya kusa ninkawa.

Baffa ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce, "To ɗana, ai mu abin da muka sani, waɗannan ƙwayoyi su ke kawo amai da gudawa. Yanzu kuma su za a tara a ba kifi, mu kuma mu ci kifin?"

Na ce, "Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya, ai daddawar da ke cikin miyar da muka sha ɗazu su suka yi ta. In an dafa kalwa an rufe ta kwana biyu zuwa uku, abin da ke sa ta nuna ta yi ƙamshi bakteriya ne. Irinsu ɗin nan ma, da masana ke kira Bacillus subtilis, ana sayar da su a kwalba a Tailan da Biyetnam ana zubawa a tafkin jatan lande."

Ɗaya daga cikin maƙwabtan, wanda almajiri ne mai karatun littattafai, ya kawo tambayar da ta fi nauyi. Ya ce malaman fiƙihu sun yi magana a kan jallala, dabbar da ke rayuwa a kan ƙazanta, to kifin da aka kiwata a ruwan da ba a canzawa fa? Na ce masa iyakar abin da zan iya bayani shi ne yadda abin ke gudana: ba kashin kifin ke komawa bakinsa ba, wata halitta ce ke cinye gubar ta girma, sannan kifi ya ci halittar. Hukunci kuwa na malamai ne. Amma na ji daɗin tambayar ƙwarai, kuma ina ganin duk mai son kawo wannan dabara ƙasar Hausa ya kamata ya fara zama da malamai ya yi musu bayani dalla-dalla. In ba haka ba, rana ɗaya jita-jita za ta shiga kasuwa a ƙaurace wa kifin, wanda ya zuba jarinsa ya kwana a ciki.

Na kuma ba su labarin maƙwabtanmu na gabas. A yankin Kanem na ƙasar Chadi, matan Kanembu sun daɗe suna kwasar wani kore-koren abu daga saman tafkunan kanwa, su shanya shi a kan yashi ya bushe ya zama faifai, su kai kasuwa a yi miya da shi. Dihe suke kiransa. Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Beljiyam, Jean Léonard, ya gan shi a kasuwa a shekarun 1960 ya kai labarinsa Turai. Shi ne spirulina da ake sayarwa yau da tsada a kantunan duniya, furotin ɗinsa ya kai wajen kashi 60, masana kuma cikin dangin bakteriya suke lissafa shi. Ashe cin furotin na waɗannan ƙananan halittu ba baƙon abu ba ne a yankinmu.

Washegari Lahadi ce, ranar kasuwar Ɗambatta. Muka ratsa ta gefen kara, inda shanu da raƙuma da tumaki suka cika fili, muka wuce zuwa Dam ɗin Tomas da ke tsakanin Ɗambatta da Makoɗa. Yana cikin madatsun ruwan da aka gina a shekarun 1970, cikin shirin da gwamna Audu Bako ya assasa, wanda ya ba Kano Tiga da Bagauda da Watari da sauransu. Mutum ya fito daga ƙasa mai ƙura da busasshen kara, kwatsam sai ga ruwa shimfiɗe, ga lambuna kore shar a gefensa, tumatir da albasa da tattasai. Masunta na gyaran koma a bakin gaɓa, wasu na turo kwalekwale, mata na jiran abin da za a fito da shi su saya su soya.

Na leƙa kwandunan. Mafi yawa karfasa ce, ƙanana, da yawansu ba su kai tafin hannu ba. Wani dattijo cikin masuntan ya ce mini da can ba sa ɗaukar irin waɗannan, mayar da su ruwa suke yi, amma yanzu masu kamu sun yi yawa, raga kuma ta ƙara ƙanƙanta ido. Ganin karfasar nan ya tuna mini abin da dole a faɗa wa duk mai sha'awar dabarar da na bayyana a zaure. Karfasa tana tace ruwa ta ci ƙananan abubuwan da ke yawo a ciki, saboda haka ita ce ta fi cin moriyar gudajin bakteriya, kamar jatan lande. Babbar tarwaɗa ba haka bakinta yake ba, loma take so. Abin da za ta fi samu shi ne ruwa mai sauƙin guba da ragin canji, 'ya'yanta ƙanana ne za su fi tsintar gudajin. Duk wanda ya ce wa mai tarwaɗa zai daina sayen abinci, yaudararsa ya yi.

Akwai kuma sharuɗɗan da ƙauyenmu bai cika ba tukuna. Bakteriyan nan suna shan iskar oksijin sosai. In injin hura iska ya tsaya na 'yan sa'o'i da dare, gudajin su kwanta a ƙasa su ruɓe, da safe a tarar da karfasa ta mutu. A inda wutar lantarki ba ta da tabbas, sai da sola da batir mai kai wa asuba, wannan kuma jari ne. Sanyin Disamba da Janairu na rage kuzarin bakteriya da na kifin baki ɗaya. Sannan ana buƙatar ɗan abin auna amoniya da tsamin ruwa, da mazubin gilashi mai tsini da ake duba yawan gudaji da shi, da mutumin da zai duba kullum ya rubuta. Ɗaya daga cikin maƙwabtan da muka yi hira da su ya riga ya ɗanɗana: wani mai talla ya sayar masa da kwalbar ruwa ya ce in ya zuba ba zai sake canza ruwa ba, bai gaya masa zancen iska ba, bai gaya masa awo ba. Tankin gaba ɗaya ya tafi. Irin wannan talla ce na fi jin tsoro, domin tana kashe jarin talaka, tana kuma ɓata sunan ilimi mai amfani.

A kan hanyar komowa daga dam ɗan baffana ya tambaye ni ko ba a iya yin wannan furotin a zuba a buhu kamar garin kifi. Ana yi, kuma wannan ita ce hanya ta biyu. Akwai bakteriyan da abincinsu iskar gas ce. Ana kiwonsu a manyan tankunan ƙarfe, a ba su gas da iska da amoniya, su yi ta ninkuwa, a tace a busar, a samu gari mai furotin wajen kashi 70. Ba ya buƙatar gona, ba ya jiran damina. Tarihinsa dai ba mai daɗi ba ne duka. Kamfanin ICI na Ingila ya buɗe katafariyar masana'anta a Billingham a 1980 yana yin wani abincin dabbobi mai suna Pruteen daga sinadarin metanol, amma kafin shekarun 1980 su ƙare aka rufe ta, domin waken suya ya fi araha. A Norwe ma an yi wata mai amfani da gas a Tjeldbergodden, ta tsaya a 2006. Tsadar garin kifi ce ta farfaɗo da harkar. Kamfanin Calysta na Amurka da Adisseo sun haɗa hannu sun gina masana'anta a birnin Chongqing na Sin, mai ƙarfin tan 20,000 a shekara, ta fara aiki a 2022, suna kiran garin FeedKind. Kamfanin Unibio na Danmak ma na yin irinsa. Masu bincike a Jami'ar Kasetsart ta Tailan sun wallafa a 2021 cewa jatan landen da aka musanya masa garin kifi da wannan gari ya girma daidai, har ya fi jure cutar nan da ta yi musu ɓarna.

Wannan ba aikin mai tanki uku ba ne, aikin gwamnati ne da manyan masu jari. Amma ya kamata mu riƙe shi a zuciya. Najeriya ta shafe shekaru tana ƙona gas a banza a yankin Neja Delta. An ƙaddamar da aikin bututun gas daga Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, a 2020, kuma duk maganar da ake yi a kansa ta wutar lantarki ce da takin zamani da farfaɗo da masana'antun Sharaɗa da Bompai da Chalawa. Ban ji ana sa abincin dabbobi a lissafin ba. Ƙasar da hukumominta ke cewa tana buƙatar tan miliyan 3.6 na kifi a shekara alhali abin da take samarwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na hakan da yawa ba, wadda kuma ta fi kowace ƙasa a Afirka kiwon tarwaɗa, bai kamata ta bar wannan lissafi ga wasu ba. Duk tan ɗaya na furotin da ya fito daga gas, buhunan waken suya ne da za su rage a Dawanau domin mai awara da mai koko.

Kafin in bar ƙauyen mun yi abu ɗaya da ba ya buƙatar sola ko awo. Mun ja kwatar ruwan tankin daga ramin da yake taruwa yana tara sauro, muka karkatar da ita zuwa wani ɗan fili a gefen danga, inda matar ɗan baffana ta ce za ta zuba alayyafo da yakuwa da salak. Naitirojin ɗin da ke kashe kifi shi ne wanda manomi ke saye a buhun yuriya. Baffa da kansa ya ɗauko fartanya ya gyara kunyar, ya ce wannan kam bai buƙaci a yi masa bayani ba.

Sauran aikin na masu ilimi ne, kuma suna kusa. Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako tana nan a Ɗambatta. Jami'ar Bayero na da sashen nazarin kifi da kiwonsa, ga jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, ga hukumar KNARDA da malaman gonarta, ga cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a Sabuwar Busa. Roƙona gare su shi ne su kafa tankunan gwaji a wannan yanki, a inda manomi zai iya zuwa da ƙafarsa ya leƙa, domin gani ya kori ji. A jera tanki mai gudajin bakteriya da tanki na yadda aka saba, a zuba karfasa a wasu, 'ya'yan tarwaɗa a wasu. A yi amfani da dusar shinkafar da injinan casar Kano ke fitarwa da garin rogon kasuwanninmu, a ratsa da gwajin cikin hunturu da bazara. A rubuta kuɗin sola da na batir da na abinci har kwabo, a faɗi sakamakon da Hausa a rediyo, ko ya yi kyau ko bai yi ba.

Kai kuma mai kiwo da ke karanta wannan, in sha'awar gwadawa ta kama ka, ka fara da tanki ɗaya da kifi kaɗan, ka tanadi iskar da ba za ta yanke da dare ba kafin ka zuba komai a ruwan, kuma kada ka sayi kwalbar wanda ya kasa gaya maka abin da ke cikinta.